Yadda Kasada Ta Zama Gasa

Wasannin kasada suna ne da ya tattara wasannin motsa jiki da dama waɗanda mai yin su ke mu'amala da tsananin gudu, ko nisa daga ƙasa, ko ƙarfin igiyar ruwa, ta yadda ɗan kuskure kaɗan zai iya jawo masa karaya, ko nakasa, ko ma rasa rai. A cikinsu akwai hawan allo mai taya, da hawan igiyar teku a kan allo, da zamiya a kan dusar ƙanƙara, da alkafura da keke ko babur, da hawan bango ko dutse. Abin da ya raba su da ƙwallon ƙafa ko kokawa shi ne galibinsu ba su da abokin karawa da ake fuskanta gaba da gaba, domin ɗan wasan yana fama ne da nauyin jikinsa da ke janyo shi ƙasa, da kuma tsoron da ke cikin zuciyarsa. Haka kuma kusan dukkansu an shafe shekaru ana yin su babu alƙali, babu maki, babu kofi. Daga baya ne aka ɗora musu gasa, kuma gidajen talabijin da kamfanonin talla ne suka fi kowa hannu a wannan aiki. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa wasannin suka bunƙasa cikin ƙanƙanen lokaci, da kuma dalilin da ya sa 'yan wasa da yawa suke ji a jikinsu.

Hawan igiyar teku shi ne kakan sauran wasannin allo. Mutanen tsibiran tekun Fasifik, musamman na Hawai, sun daɗe suna sassaƙa dogon allo daga itace, su shiga teku da shi, su miƙe tsaye a kansa igiyar ruwa ta kwaso su zuwa gaɓa, kuma sarakuna da talakawa, maza da mata, duk suna yi. Al'adar ta yi rauni ƙwarai a ƙarni na 19, lokacin da cututtukan da baƙi suka shigo da su suka rage yawan 'yan ƙasar, masu wa'azin mishan kuma suka riƙa ƙyamar ta. Wanda ya fi kowa fito da ita idon duniya shi ne Duke Kahanamoku, ɗan asalin Hawai, wanda ya ci lambar zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912 da ta 1920, sannan ya yi amfani da sunan da ya yi wajen nuna hawan igiya a gaɓar Kalifoniya da ta Ostareliya.

A Kalifoniya ne, cikin shekarun 1950, matasa masu hawan igiya suka nemi abin yi a ranakun da teku ta kwanta, sai suka riƙa cire tayoyin ƙarfe daga takalman taya suna kafa su a ƙarƙashin guntun katako, suna gangarawa a kan titi. Waɗannan tayoyi, da na yumɓu da suka biyo bayansu, ba sa riƙe ƙasa, ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya watsar da mutum, shi ya sa yayin farko na wasan ya mutu a tsakiyar shekarun 1960 bayan raunuka sun yi yawa. Abubuwa biyu ne suka farfaɗo da shi. Na farko, a farkon shekarun 1970 wani matashi mai suna Frank Nasworthy ya fara sayar da tayoyin wata roba mai tauri da ake kira yuretan, waɗanda ke manne wa siminti kuma suna shanye girgiza. Na biyu, farin da aka yi a Kalifoniya a 1976 da 1977 ya sa masu gidaje da yawa suka bar tafkunan ninƙayarsu babu ruwa, kuma da yake ƙasan waɗannan tafkuna a lanƙwashe yake, matasa irin su Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta suka riƙa tsallaka katanga suna shiga, suna hawa bangon tafkin har allon ya wuce bakinsa ya tashi sama. Daga nan aka samo salon da ɗan wasa ke barin ƙasa gaba ɗaya, ya yi wani abu a cikin iska, ya dawo. Kusan a lokaci guda wani yaro a jihar Fulorida, Alan Gelfand, ya gano yadda ake tashi da allon ba tare da an kama shi da hannu ba, dabarar da ake kira oli, daga laƙabinsa. Rodney Mullen kuma ya mayar da ita kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980, ta zama tushen duk abin da ake yi a kan titi a yau. Da filayen wasan na kuɗi suka rurrufe saboda tsadar inshora, sai wasan ya koma bayan gidaje da matakalan ofisoshi, inda 'yan sanda da masu gadi ke korar masu yin sa, kuma wannan zama na saniyar ware ya bar musu ɗabi'ar ƙin hukuma wadda har yanzu ba ta gushe ba.

Sauran wasannin ma haka suka faro, daga kwaikwayo da ƙirƙirar yara. Keken BMX ya samo asali ne a kudancin Kalifoniya wajen 1970, inda yaran da ba su isa hawa babur ba suka riƙa kwaikwayon tseren babura a kan turɓaya da ƙananan kekunansu. Allon dusar ƙanƙara kuwa, wani injiniya a jihar Mishigan, Sherman Poppen, shi ya haɗa sandunan zamiya biyu wuri guda domin 'ya'yansa mata a 1965, daga baya Jake Burton Carpenter da Tom Sims suka inganta shi, duk da cewa wuraren zamiya da yawa sun daɗe suna hana masu shi shiga.

Kowane ɗayan waɗannan wasanni yana da ƙananan gasanninsa da mujallunsa, amma babu abin da ya haɗa su inuwa ɗaya sai a 1995, lokacin da tashar wasanni ta Amurka, ESPN, ta shirya wani taro a jihar Rhode Island da sunan Extreme Games, wanda a shekara mai zuwa aka taƙaita shi zuwa X Games. Manufar tashar a fili take: tana neman matasan da ba su damu da wasannin iyayensu ba, waɗanda kamfanonin lemo da na takalma ke son kaiwa gare su, kuma wasan da tashar ta ƙirƙiro da kanta ba sai ta sayi izinin nuna shi daga wata hukuma ba. Taron farko ya cuɗa abubuwa barkatai, har da dirowa daga sama da igiyar roba ɗaure a ƙafa, da wasa da allo a sararin sama bayan an fito daga jirgi, da gangarawa titi a kwance a kan dogon allo. Yawancin waɗannan an watsar da su cikin 'yan shekaru, aka bar allo mai taya da keke da babur. A 1997 aka fara na hunturu a Big Bear Lake da ke Kalifoniya, kuma tun 2002 garin Aspen na jihar Kolorado ya zama mazauninsa.

Daren 27 ga Yuni 1999, a birnin San Faransisko, shi ne ya tabbatar wa tashar cewa ta yi sa'a. Tony Hawk, mai shekara 31, ya yi ta ƙoƙarin wata dabara da ake kira 900, yana faɗuwa yana tashi, har lokacin da aka ɗiba wa gasar ya ƙare, amma aka ƙyale shi ya ci gaba, abokan takararsa na buga allunansu suna ƙarfafa masa guiwa, har ya sauka daidai. Lambar tana nufin yawan juyawa ne: zagaye ɗaya cikakke digiri 360 ne, saboda haka 900 juyi biyu da rabi ke nan a cikin iska kafin tayoyi su taɓa katako. Abin lura a wannan dare shi ne an karya ƙa'idar lokaci, domin a wajen 'yan wasan abin da ya fi cin kofi daraja shi ne a ga an yi abin da ba a taɓa yi ba. Talabijin ta fahimci haka, ta kuma mayar da shi hajarta, ta yadda kowace shekara sai an yi wa masu kallo alkawarin wani sabon abu da ya zarce na bara.

Idan aka dubi rassan gasannin a yau, za a ga sun rabu gida biyu ta fuskar yadda ake fitar da gwani. Akwai waɗanda agogo ko layin ƙarshe ke yanke hukunci, kamar tseren BMX, inda mutum takwas ke gangarowa tare daga tudu mai tsayin mita 8 su bi hanya mai tuddai da kwana, da kuma hawan bango na sauri, inda mutum biyu ke tsere a kan bango mai mita 15 wanda gwanayen maza ke gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar. Waɗannan ba su da yawan gardama. Gida na biyu, wanda ya fi girma, shi ne na alƙalai masu ba da maki. A wasan allo mai taya akwai reshen titi, inda ake gina fili mai matakala da ƙarafunan dafawa da dakali domin ya yi kama da cikin gari. Akwai reshen kwari, wanda jikan tafkunan nan ne na zamanin fari. Akwai kuma rabin bututu, wato katafaren katako mai lanƙwasa wanda bangayensa biyu ke miƙewa tsaye, ɗan wasa yana kai da kawo tsakaninsu. A kan dusar ƙanƙara ana sassaƙa irin wannan rabin bututu da inji, bangonsa ya kai mita 6.7, gwani kuma yakan tashi wasu mitoci sama da bakinsa. Masu babur suna tsallake rata mai faɗi, su saki hannu ko ƙafa ko su juya da babur ɗin baki ɗaya, kamar yadda Travis Pastrana ya yi alkafura biyu ta baya a tsalle ɗaya a X Games na 2006 a Los Anjeles. Masu keken dutse suna da gasar Red Bull Rampage, wadda aka fara a 2001 a hamadar jihar Yuta, inda kowane ɗan wasa da ma'aikatansa ke haƙa hanyarsu da shebur a jikin tsauni kafin ranar gasa. A teku kuwa, alƙalai na bai wa kowace igiya da aka hau maki daga ɗaya zuwa goma, a haɗa biyu mafi kyau. Masu neman manyan igiyoyi kuma sun mayar da garin Nazare na ƙasar Fotugal matattararsu, inda Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a 2020.

Ba da maki a irin waɗannan wasanni aiki ne mai wuya, kuma a nan ne asalin wasan da buƙatar gasa suke yawan cin karo. Tsofaffin 'yan wasa suna daraja salo, wato sauƙin da mutum ke nunawa a cikin iska, da yadda yake kama allon, da tsabtar saukarsa, abubuwan da ido ke gani amma ba a iya aunawa. Alƙali kuma, wanda dole ya kare makin da ya bayar a gaban duniya, ya fi samun natsuwa da abin da ake ƙirgawa, shi ya sa yawan juyi yake rinjaye a hankali, har wasu suke kukan cewa wasan dusar ƙanƙara ya koma wasan alkafura zalla. Ko ƙirgen ma bai hana rikici ba. A Olamfik ta hunturu ta 2022 a birnin Bejin, Ayumu Hirano na Japan ya yi wata dabara mai alkafura uku a karkace wadda ba a taɓa kammala zagaye da ita a gasar ba, amma alƙalai suka ba shi 91.75, ƙasa da 92.50 na Scotty James ɗan Ostareliya, sai da ya maimaita ta a zagayen ƙarshe sannan aka ba shi 96 da lambar zinare. Ma'anar haka ita ce an sa mutum ya sake jefa ransa cikin haɗari domin gyara lissafin wasu.

Dabarun koyo ma sun canza, kuma su ne suka ƙara wa abin sauri. A da sai mutum ya faɗi a kan katako ko ƙanƙara sau da yawa kafin ya iya sabuwar dabara, amma yanzu akwai ramuka cike da soso da manyan katifun iska da ake faɗawa a kai har jiki ya haddace juyin. Kafin Olamfik ta 2010, kamfanin Red Bull ya gina wa ɗan wasan allon dusar ƙanƙara Shaun White rabin bututu nasa shi kaɗai a cikin tsaunukan Kolorado, tare da ramin soso. Sakamakon wannan ci gaba shi ne dabarar da ta ɗauki Hawk shekaru ta zama abin da yara ke yi: Gui Khury na Birazil ya yi juyi uku cikakku, wato 1080, a X Games na 2021 yana ɗan shekara 12, a gaban Hawk ɗin kansa, Arisa Trew ta Ostareliya kuma ta zama mace ta farko da ta yi 900 a 2024. Sai dai soso yana wurin koyo ne kawai, ranar gasa a kan abu mai tauri ake sauka.

Mai karatu da ya taɓa ganin hawan ƙaho, inda ɗan mahauta ke tunkarar bijimi a gaban taro, ya san cewa haɗarin da ke ciki shi ne ke tara jama'a, kuma ya san wanda ƙahon ke samu idan aka yi rashin sa'a. A 2007 Jake Brown ya faɗo daga tsayin kusan mita 14 a gasar babban tsalle ta X Games, takalmansa suka fice saboda ƙarfin buguwa, kuma hoton faɗuwar ya zagaya duniya fiye da na wanda ya ci gasar. A ƙarshen 2009 Kevin Pearce, wanda ake ganin zai iya ja da Shaun White, ya bugu a kai yana atisaye a garin Park City, bai sake shiga gasa ba. A wannan wuri dai Sarah Burke ta Kanada ta faɗi a Janairun 2012 ta rasu bayan 'yan kwanaki, har sai da masoyanta suka buɗe asusun taimako domin kuɗin asibiti, alhali ita ce ta fi kowa fafutukar ganin an shigar da reshenta na zamiya da sanduna a rabin bututu cikin Olamfik, abin da ya tabbata a 2014 ba ta raye. A Janairun 2013 Caleb Moore ya zama mutum na farko da ya rasu sanadin raunin da ya samu a X Games, bayan babur ɗin dusar ƙanƙara ya faɗo masa a Aspen, daga nan ESPN ta soke wasu rassa biyu mafiya haɗari. Dave Mirra, gwarzon BMX da ya tara lambobi fiye da ashirin a X Games, ya mutu a 2016, binciken likitoci kuma ya nuna ƙwaƙwalwarsa na ɗauke da cutar da yawan buguwar kai ke haifarwa. Babu mai musun cewa waɗannan mutane da son ransu suka shiga, kuma suna ƙaunar abin da suke yi, amma yawancin 'yan wasan ba ma'aikatan kowa ba ne, ba su da albashi ko ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi irin ta 'yan ƙwallo, suna rayuwa ne da kuɗin kyauta da kwantiragin talla wanda kan tsaya idan jiki ya tsaya. Rabon bai yi adalci ba matuƙar riba na tafiya wajen mai kyamara da mai talla, haɗarin kuma ya zauna kan mutum ɗaya.

Mata sun yi tasu gwagwarmayar kafin a daidaita su da maza. A 2005 mata masu allo mai taya, ƙarƙashin jagorancin Cara-Beth Burnside da Mimi Knoop, sun yi barazanar ƙaurace wa X Games saboda kyautarsu ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na ta maza ba, kuma cikin 'yan shekaru masu gasar suka daidaita kuɗin. Babbar gasar hawan igiya ta duniya ba ta yi haka ba sai a 2019, Rampage kuwa sai a 2024 ta buɗe wa mata ƙofa.

Shigar wasannin cikin Olamfik ta zo da irin wannan ja-in-ja. Lokacin da aka karɓi allon dusar ƙanƙara a gasar Nagano ta 1998, kwamitin Olamfik ya damƙa ragamarsa ga hukumar masu zamiya da sanduna, ya tsallake ƙungiyar da 'yan wasan suka kafa da kansu, shi ya sa Terje Haakonsen na Norwe, wanda ake ɗauka gwanin duniya a lokacin, ya ƙi zuwa. Kwamitin dai bai fasa ba, domin masu kallon Olamfik suna tsufa kuma yana buƙatar matasa kamar yadda ESPN ta buƙace su. Tseren BMX ya shiga a 2008, sannan a gasar Tokiyo, wadda annobar korona ta ɗage zuwa 2021, aka shigar da allo mai taya da hawan igiya da hawan bango da alkafurar BMX. A nan duniya ta ga abin da ba ta saba gani ba: Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare a reshen titi tana da shekara 13, Rayssa Leal ta Birazil ta zo ta biyu ita ma tana 13, a reshen kwari kuma Kokona Hiraki ta ci azurfa tana 12. A gasar Faris ta 2024, wadda aka yi hawan igiyarta a tsibirin Tahiti mai nisan dubban kilomitoci, Zheng Haohao ta Sin ta fafata tana da shekara 11. Ƙaramin jiki ya fi saurin juyawa, yaro kuma bai gama sanin tsoro ba, amma wasan motsa jiki na alkafura ya daɗe da sanya shekara 16 a matsayin iyaka, hukumar rawar kan ƙanƙara ma ta ɗaga tata zuwa 17 bayan 2022, alhali a Tokiyo da Faris babu wata iyakar shekaru ga masu allo mai taya. Tambayar wa ya kamata ya yanke wa yarinya 'yar shekara 11 shawarar yawan haɗarin da za ta ɗauka tambaya ce da ta cancanci amsa daga hukumomin wasan.

Wani alheri da Olamfik ta kawo, wanda ko masu sukar ta ba sa musu, shi ne ta sa gwamnatoci sun fara gina filaye, wasan kuma ya fita daga hannun Amurka kaɗai, har Japan da Birazil da Ostareliya suka zama manyan gidajensa. A Afirka aikin ya fi fitowa daga hannun matasa da ƙungiyoyin sa kai. A unguwar Kitintale ta birnin Kampala matasa ne suka gina filinsu da bulo da siminti tun tsakiyar shekarun 2000, a birnin Akara an buɗe filin Freedom a 2021, Afirka ta Kudu kuma ta tura 'yan wasan allo mai taya zuwa Tokiyo da Faris. A manyan biranen arewacin Najeriya ma ana ganin samari masu takalmin taya suna ratsa tsakanin motoci, wasu na kama bayan a-daidaita-sahu domin ya ja su, galibi babu hular kwano, babu abin kare guiwa. Gwanintar tana nan, sha'awar ma tana nan, abin da babu shi ne shimfiɗaɗɗen siminti nesa da titi, da kayan kariya masu araha, da mai koyarwa da zai fara nuna wa yaro yadda ake faɗuwa kafin ya nuna masa yadda ake tashi sama.